Yana Ganinka Daga Kan Dutse

Karatu: Markus 6:30-56 da Yohanna 6:1-21

Kafin ka ci gaba da wannan shafi, ɗauki Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan biyu a natse, ba karatun mai jiran mota a tasha ba. Ka lura da inda labarin yake bi da kai. Akwai ruwa. Akwai 'yar hanyar ƙafa da ta zagaye ruwan. Akwai fili mai ɗanyar ciyawa, sa'an nan akwai dutse a bisansu duka. Cikin yini ɗaya da dare ɗaya Ubangiji ya taka dukan wuraren nan.

Da yawa cikinmu in mun ji an ce Tekun Galili, sai mu zaci teku ne irin na Legas wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Ba haka ba ne. Tafki ne, ruwansa ba gishiri, tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa wajen 13, tuddai da duwatsu sun kewaye shi. Fuskar ruwan kamar murabba'in kilomita 166 ce. To, madatsar ruwan Tiga da ke nan kusa da mu, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, in ta cika maƙil tana shafe murabba'in kilomita 178. Ka ji? Ruwan da muke saya wa kifinsa ya ɗan fi wanda Bitrus ya yi su a ciki faɗi. Karfasa da tarwaɗa ma akwai su a can kamar yadda masuntanmu ke kamawa a nan. Wanda ya taɓa tsayawa a kan duwatsun Rurum da yamma ya dubi Tiga, ya ga jiragen masunta sun koma kamar ƙwayar gero a faifai, ya riga ya ga rabin Markus sura 6 da idonsa.

A ƙasar Isra'ila yau akwai hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 65 daga Nazarat zuwa Kafarnahum, ta bi ta Kana, ta hau Dutsen Arbel, ta gangara bakin tafkin. Mutane daga Turai da Amurka na biyan kuɗi su zo su taka ta cikin kwana huɗu, da jaka a baya da sanda a hannu. Allah ya ba mai niyya ikon zuwa. Amma kai da ba ka da kuɗin jirgi, kada ka ce an bar ka a baya. Ka kama hanyar Jos daga Kwanar Dangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, ka kai Doguwa, ka karkata zuwa duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza tun kafin zuwan Turawa. Kogin Kano ta wannan ƙasa mai tudu yake gangarowa, ya keta Falgore, ya zuba cikin Tiga. Dutse, daji, makiyaya, tafki. Allah ya shimfiɗa maka hoton wannan sura a ƙofar gidanka.

Labarin da gajiya ya fara. Almajirai sun dawo daga aikin bishara da aka aike su biyu-biyu. Sun fitar da aljanu, sun shafa wa marasa lafiya mai sun warke. A daidai lokacin ne kuma labari ya iso cewa Hirudus ya sa an fille kan Yohanna Mai Baftisma a kurkuku. Murna a hannun dama, makoki a hagu. Jama'a kuma ba su bar su ba, wasu na shigowa wasu na fita, har Markus ya ce ko damar cin abinci ba su samu ba. Me Yesu ya yi? Bai kira addu'ar kwana ba. Bai sa azumin kwana uku ba. Ya ce su rabu da taro, su tafi inda ba kowa, su ɗan huta.

Ina magana da kai, shugaban matasa. Ina magana da ke, uwar zumunta, da kai mai kaɗa ganga a sujada, da ɗan'uwana mai bishara. Litinin taron addu'a, Talata nazarin Littafi, Laraba azumi, Alhamis koyon waƙa, Jumma'a addu'ar dare, Asabar biki ko jana'iza, Lahadi sujada biyu. A tsakani ga gona, ga kasuwa, ga 'ya'ya. Har mun fara ɗaukan jan ido da dusasshiyar murya a matsayin alamar shafewa. Gajiya ba shafewa ba ce. Mutumin da ya gaji yakan yi wa matarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, yakan ji muryar tsoronsa ya ce muryar Ruhu ce. Ka tuna da Iliya. Bayan wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya ba shi waina da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke tashe shi ya ci, sa'an nan ya iya tafiyar kwana 40 zuwa Horeb. Wani lokaci abin da ya fi zama na ruhaniya da za ka yi shi ne ka kashe waya, ka ci tuwo, ka kwanta.

Sun shiga jirgi, amma mutane sun gan su. Daga garuruwa aka yi ta gudu da ƙafa a gefen ruwa, har aka riga su isa. Ta ina suka bi? Ta hanyar ƙafa, wadda masunta da makiyaya da mata masu ɗiban ruwa suka daɗe da takawa. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin wanda bai san daji ba ba ya ganin darajar turba.

Dajin Falgore ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. In kana cikin mota za ka ga itatuwa na wucewa, da birai a bakin kwalta, ka ce ai wannan ba komai. Sauka ka shiga taku ɗari biyu, ka juya sau ɗaya. Kowace doka kama take da 'yar'uwarta. Maje, kirya, kaɗanya, taura, duk sun rufe maka sama. Da damina gamba ta fi ka tsayi, ba ka ganin ko dutsen da ka ɗauka alama. Abin da zai fid da kai ba ƙarfinka ba ne, ba kuma iliminka ba. 'Yar siririyar hanya ce da faɗinta bai wuce tafin ƙafa biyu ba. Ba gwamnati ce ta yi ta ba, ba a ba da kwangilarta ba. Ƙafafun waɗanda suka riga ka ne suka tattake ta, mutum bayan mutum, shekara bayan shekara. Inda ta karkace, akwai dalili: rami ne a gaba, ko laka, ko ƙaiƙayi. Baƙo yakan ga karkatar ya ce bari in yanke. Ɗan gari ba ya yankewa.

Haka hanyar bangaskiya take. Akwai waɗanda suka bi ta kafin a haife ka. A wannan ƙasa tamu ta kudancin Kano akwai tsofaffi da suka karɓi Yesu aka hana su aure, aka ƙi cin abinci da su, suka yi sujada a gindin ɗorawa shekaru kafin a sami kwanon rufi. Wasunsu ko sunansu ba sa iya rubutawa. Amma sun bar maka turba: addu'ar asuba, karatun Maganar Allah kowace rana, faɗin gaskiya a ciniki, biyan bashi, mace ɗaya, neman gafarar wanda ka ɓata wa, zuwa sujada ko ana ruwa. Ba abin burgewa a cikinta. Yau kuwa yaro ya yi wata shida da tuba, ya saurari wa'azi goma a waya, sai ya ce Ruhu ya nuna masa gajeriyar hanya, dattawa sun tsufa, ba su da wuta. Ɗana, Ruhu Mai Tsarki wanda ya cika ka shi ne ya riƙe su shekara hamsin. Ba zai yi gardama da kansa ba. Matambayi ba ya ɓata.

Ga wani abu kuma da masu shiga daji suka sani. Da damina matsalarka rashin ganin hanya ne. Da rani, bayan wuta ta ci ciyawa, matsalarka yawan hanyoyi ne. Ko'ina ka duba turba ce a kan toka. Wata ta shanu ce, za ta kai ka mashaya ta tsaya. Wata ta masu saran itace ce, ƙarshenta kututture da ramin gawayi. Wata ta maharba ce, tarko ne a ƙarshenta. Dukansu an tattake su sosai, wasu ma sun fi ta gida faɗi. Yawan sawu ba ya nuna cewa hanya gida za ta. Zamaninmu rani ne. Buɗe Facebook ko TikTok ka ga annabawa sun fi kasuwar Tudun Wada cika. Kafin ka bi wani, tambayi inda waɗanda suka bi shi shekara biyar da suka wuce suke yau. Aurensu na nan? Suna kama da Yesu fiye da dā, ko dai sun fi dā tsoron maƙwabtansu da surukansu?

Hanyar ta fito da taron a fili mai ciyawa. Markus ya ce ɗanya ce, Yohanna ya ce tana da yawa, ya kuma ƙara cewa Idin Ƙetarewa ya kusa. Lokacin ne ƙasar Galili ke yin kore shar bayan ruwan hunturu, kamar fadamun bakin Tiga in ruwa ya ja baya shanu suka sauko. A nan Yesu ya dubi mutane ya ji tausayinsu, domin sun yi kama da tumakin da ba mai kiwo. Ya koya musu har rana ta yi sanyi. Sa'an nan ya sa aka zaunar da su ƙungiya-ƙungiya, ɗari-ɗari da hamsin-hamsin, ya ɗauki gurasa biyar da kifi biyu na wani yaro, ya yi godiya, ya gutsuttsura. Maza 5,000 suka ci suka ƙoshi, aka kwashe ragowa kwando 12. Halleluya! Allahnmu mai ciyarwa ne, kuma bai sāke ba. Na gaskata da mu'ujiza, na ga marasa lafiya sun tashi, na ga bakararre ta goya. Kada kowa ya rage maka wannan bangaskiya.

Sai dai ka duba abin da ƙoshi ya haifar. Yohanna ya ce mutanen sun yi niyyar kama shi ƙarfi da yaji su naɗa shi sarki. Sarkin gurasa suke so. Washegari da suka sāke nemo shi a Kafarnahum, ya gaya musu a fili cewa cikinsu ne ya kawo su. Da ya fara maganar gurasar da ba ta lalacewa, da yawa suka juya baya. Fili mai ciyawa wurin hutu ne a kan hanya, ba a nan ake gina gida ba. In duk shaidarka ta shekara goma ita ce na sami babur, na sami biza, maƙiyina ya faɗi, to, har yanzu kana zaune a kan ciyawa, kwano a hannu.

Yesu bai zauna ba. Ya tilasta wa almajiransa su shiga jirgi su yi gaba, ya sallami taron, ya hau dutse shi kaɗai domin addu'a. Lura da lokacin. Ba bayan shan kaye ba ne, bayan nasara ne, ran da aka fi yabonsa. Mu mukan hau dutse in abu ya ɓaci. Shi ya hau ran da abu ya yi kyau, domin tafi ya fi jifa haɗari ga bawan Allah.

Mu Fentikostal mun san hawan dutse. Kusan kowace ikilisiya tana da wani tudu da matasa ke zuwa da tabarma da jarkar ruwa. Abu ne mai kyau, ina ƙarfafa shi. Amma bari in faɗi wata magana mai nauyi. Kakannin wasunmu ma sun hau duwatsu. A kan Dala Barbushe yake hawa ya gana da Tsumburbura ya sauko wa mutane da labarin shekara. A ƙauyukanmu an kai baƙin bunsuru da jan zakara gindin duwatsu da kukoki, domin an gaskata iskoki a can suke zaune. Daga wannan ne Yesu ya fanshe mu da jininsa. To, in yau ka gaskata cewa addu'arka ba ta isa sama sai daga kan wani dutse, in kana ɗebo ƙasar wurin ka barbaɗa a shago, in kana biyan wani kuɗi ya ba ka tsakuwa ko ruwan kogo a kwalba, gaya mini, me ya bambanta ka da kakanka? Suna kawai ka sauya wa tsafin. A 1 Sarakuna sura 20, Suriyawa sun yi shawara cewa Allahn Isra'ila na tuddai ne, in aka ja su kwari za a ci su. Ubangiji ya ji haushin wannan magana har ya ba Ahab, wanda ba mutumin kirki ba ne, nasara a cikin kwarin. Matar nan Basamariya ma ta so ta ja Yesu gardamar wane dutse ya fi, ya nuna mata cewa Uba ba wuri yake nema ba, masu sujada na gaskiya yake nema. Gyatumar da ƙafa ta hana ta fita daga ɗaki, addu'arta a kan gadon kara ba ta fi taka nisa da kursiyin Allah ba ko da taku ɗaya.

To, don me za a hau? Domin kai, ba domin Allah ba. Shi yana ji ko'ina, kai ne ba ka ji ko'ina. A gida akwai rediyo, akwai injin niƙa, akwai mai bin bashi, akwai waya. Hawa yakan tilasta maka ka rage kaya, domin abin da ka ɗauka da murna a gindin dutse za ka tsine masa a tsakiya. Yakan rufe maka baki, gama mai haki ba ya surutu. Yakan koya maka tafiyar sannu: yaron da ya fara da gudu shi ake tararwa zaune a inuwa ta farko, tsohon da ke taka ɗaya-ɗaya ya wuce shi. In ka kai sama kuma ka waiwaya, ga garinku duka, gidan wanda kake fushi da shi bai fi akwatin ashana ba, gonar da kuke shari'a a kanta ba ta fi tabarma ba. Akwai ƙulli a zuciya da wannan kallo kaɗai yake sassautawa.

In za ku hau, ku hau da hankali, gama jarraba Allah ba bangaskiya ba ce. Iblis ne ya ce wa Yesu ya yi tsalle daga kan Haikali. Ku fara gaishe da mai unguwa ko dagaci, ku faɗi abin da ya kawo ku da ran da za ku sauko. Ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora. Falgore gandun gwamnati ne, akwai ma'aikatan daji da jami'an tsaro, kuma kowa ya san shekarun da ɓarayin shanu da masu tare hanya suka addabi wurin. Kada wani ya ce Ruhu ya ce a kutsa tsakiyarsa da dare. Duwatsun da ke kusa da gari sun isa. Kada ku tattake shukar mutane, kada ku tsorata garken Fulani, ku gaishe su, in sun ba ku nono ku karɓa da godiya. Ku bar lasifika a gida. Maƙwabtanmu Musulmi da ke ƙauyen ƙasa suna da jarirai da marasa lafiya, kuma Allah ba kurma ba ne. Ku kashe wuta da ruwa kafin ku tashi, ku kwashe ledojinku. Ku sa takalmi rufaffe, ku riƙe tocila, domin kububuwa ba ta san mai azumi ba. Mai ciwon suga, mai gyambon ciki, mai juna biyu, kada su yi azumin da ba ruwa. Ke kuma 'yar'uwata, duk wanda ya ce ki biyo shi dutse ke kaɗai domin ya yi miki addu'ar kuɓuta, ko wane irin suna yake da shi, ki ce a'a, ki gaya wa fastonki da matarsa. Haka in za ku haye ruwa. Ba mu manta da jirgin da ya kife a dam ɗin Watari ta Bagwai a Nuwamba 2021 ba, inda yara da yawa suka rasu. In jirgi ya cika, ku jira sawu na biyu. Bitrus ya taka ruwa ne domin an kira shi da baki.

Yanzu ga inda nake so in kai ka. Dare ya yi. Yesu na kan dutse, jirgi na tsakiyar tafki. Tafkin Galili yana cikin kwari, fiye da mita 200 ƙasa da teku, shi ya sa iska kan gangaro ta tsakanin duwatsu ta faɗa masa ba sallama. A 1986, da fari ya sa ruwan ya ja, an tono wani jirgin katako na zamanin Yesu daga cikin laka. Tsawonsa mita 8 ne da 'yan kai, faɗinsa ya ɗan wuce mita 2. Ka sa mutum 12 a cikin irin wannan, cikin duhu, iska na dukansu ta gaba. Tun magariba suke tuƙi, Yohanna ya ce abin da suka ci bai wuce wajen kilomita 5 ba. Hannu ya yi kanta, baya ya ƙage, gaci bai matso ba.

Wa ya sa su cikin jirgin? Shi. Ba Yunusa ba ne su, ba gudun Allah suke yi ba. Biyayya ce ta kai su tsakiyar iska. Ka riƙe wannan da kyau, domin akwai masu gaya maka cewa duk wahala alamar zunubi ce ko asirin dangi. Wataƙila kai ma abin da ya ce ka yi ne ka yi. Ka ƙi karɓar cin hanci, aka mai da kai ƙauye. Kin ƙi auren da zai raba ki da Yesu, ga shekaru na tafiya. Ka tsaya a 'yar majami'ar da mutum 15 ke zuwa, abokan karatunka suna birni da motoci. Kin yafe wa miji, bai sāke hali ba. Ka yi noma da gaskiya, taki ya gagara, ruwa ya ɗauke da wuri. Kana tuƙi, kana tuƙi, ba abin da ya motsa, kuma abin da ya fi iskar ciwo shi ne ka duba cikin jirgin ba ka gan shi ba.

Markus ya ce ya gan su. Daga kan dutse, cikin dare, ya ga suna shan wuya da tuƙi. Su ba sa ganinsa, shi yana ganinsu. Wanda ke cikin ruwa igiyar da ke gabansa kawai yake gani. Wanda ke bisa yana ganin jirgin, da gacin da aka baro, da gacin da za a, da inda iskar za ta ƙare. Kuma ba kallo kawai yake yi ba, addu'a ya hau yi. Yau ma haka ne. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 7 da Romawa sura 8 sun tabbatar mana cewa aikinsa a dama ga Uba shi ne roƙo dominmu. Nisan da kake ji ba mantuwa ba ce.

Amma bai zo da wuri ba, ba zan ɓoye maka wannan ba. Romawa sun raba dare kashi huɗu, a kashi na huɗu ya zo, tsakanin ƙarfe 3 da 6 na asuba. Ya gan su tun da fari, ya bar su sa'o'i. Ba zan yi maka alkawarin cewa kafin ƙarshen watan nan iskarka za ta kwanta ba. Masu irin wannan alkawari suna da yawa, kuma ba su ne ke zuwa ta'aziyya in bai cika ba. Abin da Maganar ta ba ni in ba ka shi ne: ya gani, ya yi roƙo, ya zo. Da ya zo kuma, a kan abin da ke neman kashe su ya tako. Suka yi ihu, sun zaci fatalwa ce. Sau nawa taimakon Allah ya doso ka cikin kamannin da ka tsorata da shi, ka fara tsauta masa cikin sunan Yesu? Ya yi musu magana, suka gane muryar, ya shiga jirgin, iska ta kwanta.

Markus ya ƙara wata magana mai zafi a aya 52, cewa mamakinsu ya yi yawa domin ba su fahimci zancen gurasar ba, zuciyarsu ta taurare. Sa'o'i kaɗan da suka wuce, da hannunsu suka raba abincin, kowannensu ya cika kwando. A ganina ƙanshin kifin ma bai bar hannunsu ba. Duk da haka iska ɗaya ta share musu tunani. Shi ya sa nake roƙonka ka sayi ɗan littafin rubutu na makaranta, ka riƙa rubuta abin da Ubangiji ya yi maka, da rana da wata. Ran da aka sallamo ɗanka daga asibiti. Ran da buhu ɗaya ya kai ku kaka. In dare ya yi tsawo, ka kunna tocila ka karanta wa kanka da murya.

Da gari ya waye suka sauka a Janisarata. Ba hutu. Mutane suka gane shi, suka yi ta ɗauko marasa lafiya a kan tabarmi, ana shimfiɗa su a kasuwanni, suna roƙo su taɓa ko bakin rigarsa. Daga dutse kai tsaye zuwa cikin masu ciwo. Masu hawa sun san saukowa ta fi wuya, a nan gwiwa ke rawa, a nan tsakuwa ke zame ƙafa. Ruwan da ke zuba a duwatsun Doguwa ba ya zama a can. Yana gangarowa ya taru a Tiga, a buɗe masa ƙofa ya bi magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ya zama shinkafa da alkama da tumatir, har mutanen birnin Kano su sha. In ka yi kwana uku a dutse, matarka ce za ta fara sanin ko ka sadu da Allah, sa'an nan yaron shagonka, sa'an nan maƙwabcin da kuka yi shekara ba ku gaisa ba. Kafin ka hau, rubuta sunan mutum ɗaya da za ka fara zuwa wurinsa in ka sauko.

A makon nan, zaɓi safiya ɗaya. In akwai tudu kusa da ku, je ka da ɗan'uwa ɗaya ko biyu. In babu, bakin rafi ko inuwar gona ta isa. Ka bar waya a gida. Ka karanta surar nan sau biyu, ka yi shiru rabin sa'a kafin ka buɗe baki da roƙo.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, cikin sunan Yesu, ga ɗanka, ga 'yarka da ke riƙe da wannan littafi. Ka san inda hannunsa ya gaji. Ka ba shi barci mai daɗi da abincin yau. Ka cika shi da Ruhunka Mai Tsarki, ka toshe kunnensa ga muryar da ba taka ba. Muna roƙo domin matafiya a hanyar Falgore, direbobi da fasinjoji, ka kai su lafiya. Muna roƙo domin masuntan Tiga, da manoman rani, da makiyaya a daji, da masu haƙar ma'adinai a Riruwai, da jami'an da ke tsaron hanya, Kirista da Musulmi, ka tsare rayukansu. Ka tuna da gidajen da ruwa ya ci 'ya'yansu. Ka ba sarakunanmu da shugabanninmu hikima. Ka ƙarfafa bayinka da ke ƙananan majami'u a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ba wanda ya san sunansu sai kai. Wanda kuma yake tsakiyar ruwa a daren nan, ya Ubangiji Yesu, ka yi masa magana ya gane muryarka. Amin.